Lissafin Alwatika: Daga Awon Inuwa Zuwa Awon Ƙasa

Lissafin alwatika reshe ne na ilimin lissafi da ke gano tsawon abin da hannu ba ya kai wa. Tushensa alwatika mai kusurwar digiri 90: in an san gefe ɗaya da wata kusurwa ɗaya, sauran duk za su fito, ta hanyar raba tsawon wani gefe da na wani. Sakamakon rabon nan su ne sain da kosain da tanjan.

Masu nazarin taurari ne suka fara shi. Hifarkus Bagirke ya tsara jadawalin farko a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Batalimus na Iskandariyya ya faɗaɗa shi. A Indiya, Aryabhata ya fitar da jadawalin sain a shekarar 499.

Tanjan kuwa ɗan inuwa ne, kuma a hannun malaman Musulunci ya girma. Lokacin la'asar a mazhabar Malikiyya yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta saura lokacin da rana ta take. Dattijon da ke auna inuwarsa da tafin ƙafa, wannan rabon yake nema, ko da bai taɓa shiga aji ba. Habash al-Hasib ya tsara jadawalin inuwa a ƙarni na 9, al-Battani da Abul Wafa suka inganta aikin. Al-Biruni ya yi abin da ya fi burgewa: a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya gano tsawon wani dutse daga kusurwoyi biyu, ya hau ƙololuwarsa ya auna karkatar gaɓar sama, daga nan ya ƙiyasta girman duniya. Sai a 1551 Retikus ya bayyana rabe-raben kai tsaye daga gefunan alwatika, yadda ake koyarwa yanzu.

A ƙasar Hausa, tsarin nan na zamani ya shigo tare da safiyo da layin dogo, wanda ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911. Mai safiyo ba ya bukatar tsallaka kogin Kaduna kafin ya san faɗinsa. Zai ware wata bishiya a ƙetare daidai gabansa, ya yi tafiyar mita 100 a gefen gaɓa, ya auna kusurwa zuwa bishiyar. In ta ba shi digiri 60, ya ninka 100 da 1.732, faɗin ya kai mita 173.

A Barnawa, kudu da kogin, akwai Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kaduna Polytechnic, makarantar da ta samo asali a 1956, inda ake horar da masu safiyo da zanen taswira. Na'urorinsu na yau suna yin lissafin da kansu, amma rabon bai canza ba. Abin takaici ne yadda ɗaliban sakandare da yawa ke haddace shi don jarrabawar WAEC kawai, ba a taɓa fitar da su fili sun auna tsawon hasumiyar masallaci ko ta coci ba.