Tushen ƙidaya a ƙasar Kazaure: daga wuri da sule zuwa allon aji

Tushen ƙidaya shi ne adadin da ake tarawa kafin a ɗaure shi ƙulli ɗaya a koma farko. A lissafin yau da kullum tushen goma ne: ɗaya goma su ba da goma ɗaya, goma goma su ba da ɗari. Kwamfuta da wayar hannu da tushe biyu suke aiki, sifiri da ɗaya kawai, shi ya sa 13 take zama 1101 a wurinsu. Sa'a mai minti 60 gado ce daga mutanen Babila masu tushe sittin. Ɗalibin sakandare a Achilafiya, ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ko a Roni da Gwiwa da Babura, yana haɗuwa da darasin tun ajin farko na ƙaramar sakandare, kuma littattafan da ke hannunsa suna kawo shi kamar baƙon ilimi da ya zo tare da kwamfuta. Tarihin kasuwannin yankin bai goyi bayan haka ba.

Tsohuwar ƙidaya

Masana ba su haɗu a kan tushen da Hausawa suka fara ƙidaya da shi ba. Ashirin, talatin, har zuwa casa'in duk aro ne daga Larabci. Kafin su akwai gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa goma ce tushe tun asali. Wasu suna kafa hujja da hauya, wato ashirin, su ce Hausa ta taɓa ƙidaya da ashirin-ashirin irin ta Yarbawa. Wasu kuma suna nuni da Gwandara, harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa, domin karinsa na Nimbiya yana ƙidaya da sha biyu-sha biyu, kamar yadda masanin Japan Shuji Matsushita ya rubuta. Ra'ayin farko ya fi tsayuwa. Hauya a wajen ƙirgar wuri aka fi saninta, su kuwa mutanen Nimbiya suna zaune kusa da ƙabilun tsakiyar Nijeriya masu tushe sha biyu, don haka aro daga maƙwabta ya fi kama hankali.

Zamanin wuri

A lokacin da Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure, wajen 1819, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa. A bakin teku ana shirya wuri a zare; a nan kuwa a warwatse yake, sai an zube shi a ƙasa an ƙirga. Baturen matafiyi Heinrich Barth ya ga yadda ake yi a Tasawa a watan Janairun 1851, lokacin da aka zauna ƙirga wuri 500,000. Mai ƙirga yana jan biyar-biyar da yatsunsa, ja huɗu hauya ɗaya ke nan, hauya goma kuma tsibi ɗaya na 200, tsibi biyar dubu. Dubu ashirin ake zubawa a jakar kaba, ita ce keso. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya, wato keso guda dala takwas.

Abin lura shi ne matakan ba iri ɗaya ba ne: biyar, sannan huɗu, sannan goma, sannan biyar, sannan ashirin. Masana lissafi suna kiran irin wannan gauraye tushe, kuma ya fi tushe biyu na aji wuyar riƙewa a ka. Amma dillalin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana yinsa yana hira, kuma in ya kuskure da hauya ɗaya mai kaya zai kama shi nan take. Malaman zaure ma suna da nasu a babin zakkar hatsi: mudun Annabi huɗu sa'i ɗaya, sa'i sittin wusƙi ɗaya, wusƙi biyar nisabi, jimla mudu 1,200. Har gobe ana karantar da wannan a zaurukan yankin bayan an kawar da amfanin gona.

Fam, sule da kwabo

Turawa sun hana shigo da wuri a 1904, suka fitar da anini mai huda a tsakiya daga 1907 domin ƙananan cinikin da wuri ke ɗauka, sannan aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Tsarin da suka kawo shi ma gauraye ne: anini goma kwabo ɗaya, kwabo sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya. Tsakani akwai ɗari, rabin kwabo. Taro, kwabo uku. Sisi, kwabo shida. Nai, kwabo tara. Da fataka, sule biyu.

Fiye da shekara hamsin duk manomin gyaɗa da ya kai kaya kan sikeli yana lissafi da tushe sha biyu da tushe ashirin a lokaci guda. A ce ya sayar da kashin farko sule 17 da nai, na biyu sule 8 da kwabo 7. Kwabo 9 da 7 sun zama 16; ya cire 12 ya mai da su sule, saura kwabo 4. Sule 17 da 8 da wancan ɗaya sun zama 26. Ya cire 20 ya mai da su fam. Kuɗinsa fam 1, sule 6, kwabo 4. Wannan ajiye-saura-ɗauki-ɗaya shi ne dukan abin da darasin tushen ƙidaya yake koyarwa, ba ƙari. Makarantun elementare, tun daga wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, da Hausa suke koyar da lissafi, kuma lissafin kuɗi babban sashe ne a cikinsa. Sha biyu tana da wata fa'ida da goma ba ta da ita: sule yana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida ba tare da gutsure ba.

Ran 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Tsohon lissafin bai mutu gaba ɗaya ba, tunda jaka, wadda a da fam ɗari ce, ta ci gaba da nufin naira 200 a bakin 'yan kasuwa. A tsallaken iyaka kuwa, wajen Magarya da Damagaram da Maraɗi, da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya faran biyar. Ɗan Babura da ke ciniki da mutanen Nijar, in an ce masa dala ɗari da hamsin, ya san faran 750 takardar lissafi za ta nuna.

Shigarsa manhaja

Darasin tushen ƙidaya ya shigo makarantu ta hanyar sabon lissafi na shekarun 1960, wanda aka tsara wa ƙasashen Afirka a tarurrukan Entebe ta Yuganda daga 1962. Farfesa Grace Alele-Williams na cikin waɗanda suka jagoranci gwajinsa a makarantun Legas. Abin takaici, shekarun da ya fara bazuwa su ne shekarun da sule mai kwabo sha biyu ya bar hannun yara, sai misalin da ya fi kowane kusa da su ya ɓace daidai lokacin da malami ke bukatarsa. A Janairun 1977, bayan fara shirin ilimin firamare kyauta na 1976, kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali ya sanar da soke sabon lissafi a wani taro a Benin. Tushen ƙidaya ya tsira daga wannan sokewa, kuma a yau yana sahun farko a manhajar lissafi ta WAEC da ta JAMB.

Masu sukarsa suna cewa ɗalibi yana haddace raba-da-biyu-ka-rubuta-saura, ya ci maki, ya manta. In haka ake koyar da shi, suna da gaskiya. Masu kare shi suna kawo dalili biyu: wanda ya yi tarawa a tushe biyar ko takwas ya fi gane dalilin ɗaukar ɗaya a tushe goma, kuma mai nufin karatun kwamfuta ba shi da makawa sai tushe biyu da sha shida. Dalili na biyu yana da nauyi a wannan yanki, inda garin Kazaure yake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jihar Jigawa. Na farko kuwa ya shafi kowane ɗalibi, kuma malamin da ya fara darasin da dala, ko da nisabin zakka, ko da lissafin sule da kakannin yaran suka yi, ya riga ya gama rabin bayani kafin ya rubuta 1101 a allo.