Kulob ɗin kwale-kwale na Soweto: daga koyon iyo zuwa zinaren Dusi

Soweto ba garin ruwa ba ne. Babu babban kogi, teku kuma na can nesa da ɗaruruwan kilomitoci. Abin da duniya ta san wannan yanki na Johannesburg da shi shi ne boren ɗalibai na 16 ga Yunin 1976, da gidan Mandela, da ƙwallon ƙafa. Amma a unguwar Orlando, a gindin dogayen hasumiyoyi biyu na tsohuwar tashar lantarki da aka rufe a 1998, akwai wata madatsar ruwa da ake kira Power Park. A bakinta aka kafa kulob ɗin Soweto Canoe and Recreation Club, wato SCARC, a 2003.

Kafin a gane nauyin wannan aiki sai an waiwayi baya. Dokar wariyar launin fata ta 1953 ta raba wuraren shaƙatawa tsakanin farare da baƙaƙe a Afirka ta Kudu, har da wuraren ninƙaya da bakin teku, ba a kuma soke ta ba sai 1990. Yaran unguwannin baƙar fata suka taso, iyaye da kakanni, akasarinsu ba su iya ruwa ba. Tseren kwale-kwale kuwa wasa ne mai cin kuɗi: ga jirgi, ga filafili, ga motar da za ta kai mutum kogi. Saboda haka ya zama na farare masu hali.

Wanda ya jagoranci kafa kulob ɗin shi ne Brad Fisher, ɗan kasuwa mai kamfanin talla na Adreach, wanda shi ma matuƙin kwale-kwale ne. Ya samu goyon bayan abokan wasansa na kulob ɗin Dabulamanzi da ke madatsar Emmarentia a arewacin birnin. Kamfanin ya sa kuɗi, amma kuɗi ba sa tsayawa a bakin ruwa su lura da yaro. Wannan sai mutane, kuma masu aikin sa kai ne suka riƙa bayar da lokacinsu, da tsofaffin jiragensu, da gurbi a motocinsu ranar gasa.

Ƙa'idar farko a kulob ɗin ita ce wadda ta fi burge ni: yaro ba zai riƙe filafili ba sai ya iya iyo. Jirgin kayak na tsere siriri ne ƙwarai, sabon shiga da wuya ya yi 'yan mintoci bai kife ba. Don haka duk wanda ya zo, ko da bai daɗe ba ya watsar da wasan, ya tafi gida da abin da zai ceci ransa, wataƙila ma ya ceci na wani. Daga nan ake koya masa zama daram a cikin jirgi, da bugun ruwa, da gudu ɗauke da jirgin a kafaɗa.

Wannan gudun yana da dalili. Babbar gasar ƙasar ita ce Dusi, wadda ta faro a 1951, lokacin da Ian Player, mai fafutukar kare namun daji, ya kammala tafiyar shi kaɗai cikin waɗanda suka tashi. Ana yin ta kwana 3, tsawon kusan kilomita 120, daga Pietermaritzburg zuwa Durban ta kogunan Msunduzi da Umgeni. A wurare da dama dole a fito daga ruwa a saɓi jirgi a haura tudu da shi. Goman farko ne kawai ke samun lambar zinare.

A 2013 wani matashin SCARC, Siseko Ntondini, wanda ya tashi a unguwar share-ka-zauna ta Elias Motsoaledi, ya zo na 11. Mataki ɗaya ya raba shi da zinaren. A gasar shekarar ce kuma jirgin Piers Cruickshanks, malamin makaranta ɗan Dabulamanzi da ya girme shi nesa ba kusa ba, ya karye, ya ƙarasa ragowar tafiyar a ƙafa yana ɗauke da shi. Da shekara ta zagayo, gasar ta kasance ta mutum biyu a jirgi ɗaya, sai suka haɗu suka zo na 7 a 2014. Labarinsu ne aka gina fim ɗin Beyond the River a kansa, wanda ya fito a 2017.

Fim ɗin ya sa sunan kulob ɗin ya fita duniya, kuma ya cancanta. Sai dai ni a ganina zinaren ba shi ne ma'aunin nasararsa ba. Ma'aunin shi ne yadda ragamar horaswa ta koma hannun 'yan unguwa, da yadda kulob ɗin ya riƙa bin karatun yaransa yana nema wa manyansu hanyar samun aiki. Ƙungiyoyin taimako da yawa suna mutuwa ranar da mai kuɗin ya gaji. Wadda yaranta suka girma suka dawo suna koyar da ƙannensu ba ta mutuwa da sauƙi, ga shi wannan ta haura shekara 20.

Mu a nan ruwa bai yi mana ƙaranci ba. Muna da madatsun Tiga da Challawa da Goronyo, muna da masunta da sarakunan ruwa da suka gaji iyo da tuƙi, har tseren kwale-kwale ake yi a bikin Argungu. Duk da haka, a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutum sama da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Ina kira ga ƙungiyoyin matasa na garuruwan bakin ruwa da su zauna da sarakunan ruwansu, su ware rana guda a mako ta koya wa yara iyo.