Jan Wasali, Baƙin Baƙi: Tarihin Tsara Saƙo Daga Allo Zuwa Waya

Idan Agusta ta raba, kogin Haɗeja ya fara tumbatsa, wayoyin mutanen Auyo ba sa hutawa. Kowa na tura wa ɗan'uwansa abin da ya ji game da ruwa: na Tiga aka saki ko na Challawa, yaushe zai iso, wace jinga ce ta fara yoyo. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ya wasa da irin wannan labari, domin noman shekara guda ne ke tsaye a fadama. Abin da ke damunmu shi ne kamannin da gargaɗin yakan zo da su. Sau da yawa hoton wata takardar ofis ce aka ɗauka a karkace, da Turanci, rubutu cunkus, sai ka buɗa da yatsu biyu kafin ka gano ranar da ake magana a kai, ita ma tana can tsakiyar shafi. Mu masu sana'ar rubuta manhaja mukan ce ai rashin sanin ƙa'idar tsara saƙo ne, kamar wani ilimi ne da sai an je Turai ake samo shi. Alhali a tsangayar bayan gida ma ana koyar da shi.

A ɗauki Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alarammomin ƙasar Haɗeja da Kano da Borno suke rubutawa da ka. Baƙaƙen da baƙar tawada ake yin su, masu kauri, yadda ko da hasken wutar kara za a gan su. Wasulla da ja. Hamza takan zo da ɗorawa. Ido bai gama sauka a kan shafi ba ya riga ya raba ƙashin kalma da abin da ke motsa ta. Ƙarshen aya yana da alamarsa, 'yan da'irori uku a haɗe. Aya ta biyar tana da kumsa, ta goma tana da kuri. A gefen shafi, inda aka bar fili da gangan, nan ake zana alamar izu da rabinsa da rubu'i da sumuni, kowace da girmanta, ta yadda mai neman wuri a cikin izu sittin ba sai ya karanta layi ko ɗaya ba. Kuma da yake ba a ɗinke takardun, a warware suke cikin tadarishi da gafaka, sai marubuci ya sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama. Ko iska ta watsa su, za a iya mayar da kowace mazauninta.

Abin da littattafan zamani ke kira bambanta launi, da fifita muhimmi a kan mai bi masa, da barin sarari, da riƙe tsari ɗaya daga farko har ƙarshe, ga shi nan duka, an yi shi da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro. Takardar ma tana da nata tarihin: da yawa daga cikin ta ƙarni na 19 daga Italiya ta fito, mai tambarin jinjirin wata uku, ta biyo ayari ta Tarabulus. Abu mai tsada haka ba a ɓarnatar da shi, amma duk da haka ba su yarda sun cinye gefen shafi ba. Adon zayyana kuwa an ajiye shi ga allon sauka da manyan mararraba. Ba a bari ya hau kan rubutu. Wannan ladabi ne da masu haɗa fastar biki da ta siyasa a yau suka manta.

Da aka juya ga rubuta Hausa da waɗannan haruffa, sai aka ci karo da sautukan da Larabci ba shi da su. Malamai suka yi dabara da abin da ke hannunsu. Ɗigon imala na ƙira'ar Warshu, wanda ake sawa a ƙarƙashin harafi, shi ya zama wasalin "e". Ba a taɓa samun ƙa'ida guda da kowa ya bi ba, shi ya sa ajamin wani gari yakan ba na wani gari wahala, amma mai karatu da ya san harshen yakan cike giɓin da kansa.

Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada, kuma ba a daɗe ba boko ya shigo da tasa matsalar. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Shekaru da dama ana fama da ɗigo a ƙasan harafi ko waƙafi a gefensa don a raba "kafa" da "ƙafa", "daki" da "ɗaki". Ɗigo kuwa abu ne mai saurin ɓacewa a injin ɗab'i. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Hikimar ita ce an sa bambancin a jikin harafin kansa, ba a rataya masa shi ba. Da su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta saba wa mutane. Jaridar ta kawo wani sabon abu kuma: kanun labari, da shafi da aka tsaga gida-gida, yadda mutum ɗaya zai karanta wa taro a gindin bishiya ya san inda zai tsaya ya huta.

Wannan batu na karanta wa taro shi ne ya kai mu ga kunne, domin yawancin saƙon ƙasar Hausa ta nan yake shiga. Mai shela ba ya fara magana sai ganga ta tara hankali. Sannan ya faɗi wanda ya aiko shi, ya faɗi saƙon a gajarce, ya maimaita, ya matsa gaba ya sake. Kunne ba ya iya komawa layin baya kamar ido, don haka maimaici shi ne gefen shafinsa. Marubuta waƙa sun san haka. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, a takarda ya rubuta waƙoƙinsa, an kuma buga su a Zariya, amma ƙafiya da ma'aunin baiti ne suka sa wanda bai taɓa riƙe littafin ba ya haddace su. Rediyo ta gaji wannan tsari kusan yadda yake. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma har gobe da take ake buɗewa, a faɗi ko su wane ne, a jero kanu, a kawo bayani, a sake jero kanun kafin sallama.

(Auyo kanta tana da abin tunawa a nan. Tana cikin tsoffin garuruwan sarauta na wannan yanki tun kafin jihadi, kuma Auyakawa suna da harshensu na kansu, ɗan'uwan Hausa a cikin harsunan Cadi. Yau babu mai yin sa.)

Cewa zaɓin harafi ba ƙaramin abu ba ne, takardar kuɗi ta nuna mana. A 2007 aka cire ajami daga naira 5 da 10 da 20 da 50, aka sa Hausar boko tare da Yarabanci da Ibo. A 2014 sabuwar naira 100 ta bi sahu. An yi ta muhawara a kan addini da siyasa. Ba a cika tambayar dattijon da ke cinikin kifi a kasuwar Haɗeja ba, wanda wannan layi na ajami ne kaɗai abin da yake iya karantawa a jikin takardar.

Sai waya ta zo a 2001, ta mayar da mu baya wajen shekara saba'in ba tare da kowa ya yi shawara ba. Madannan wayoyin farko ba su da ƙ, ba su da ɗ. Akwai kuma wani dalili da ba kowa ya sani ba. Gajeren saƙon tes yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin da injiniyoyin Turai suka tsara wa harsunansu. Da zarar ƙ guda ɗaya ta shiga, sai wayar ta koma wani tsarin da harafi 70 kawai yake ɗauka, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ninka. Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar tura saƙo ga dubban manoma ya zauna a gaban wannan lissafi, kuma mu faɗi gaskiya, yawancinmu lanƙwasar muka yanke. Haka aka tashi da samari masu rubuta "kasa" su bar mai karatu ya zaɓa tsakanin gazawa, da maciji, da ƙasar da yake takawa. Ajami ya fi shan wuya: sai a 2016 tsarin Unicode ya karɓi fa'un da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, daga baya aka samu zubin haruffa irin Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano.

Mutane ba su jira mu ba. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya, sai aka koma gidan jiya. A saurari wanda wani mai unguwa ko shugaban manoman rani zai tura idan ruwa ya taso: sallama, sunansa da garinsu, wurin da jinga ta karye, abin da ake so a yi, a zo da buhu da shebur, sannan ya sake faɗin wurin da lokacin kafin ya rufe. Bai kai minti ɗaya ba. Takardar ofis ɗin kuwa tana nan a saman sa cikin zauren, an tura ta tun da safe, mutum biyu ne suka ce a fassara musu.