Tattakin Oktoba: Yadda Yaƙi da Sankarar Mama Ya Iso Ƙasar Kontagora

A shekarar 1983 mutum 800 suka taru a birnin Dallas na Amurka suka yi tsere, ba don cin kofi ba. Nancy Brinker ce ta haɗa taron, domin cika alkawarin da ta yi wa yayarta Susan Komen, wadda sankarar mama ta kashe a 1980 tana da shekara 36. Kuɗin da aka tara ya shiga asusun bincike da wayar da kai. Bayan shekara biyu aka ware watan Oktoba don tunawa da cutar, sannan a farkon shekarun 1990 ƙyallen nan mai ruwan hoda ya zama tambarin gangamin a duniya.

A cikin watan dai akwai wata rana ta daban. Tun 1992 ake kiyaye 10 ga Oktoba a matsayin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Sankarar mama da taɓin ƙwaƙwalwa sun yi tarayya a abu guda a ƙasar Hausa: ana ɓoye su a ɗaki har sai sun fi ƙarfin gida.

A Najeriya, mace ce da ta sha da ƙyar ta fara buɗe bakinta. Betty Anyanwu-Akeredolu ta warke daga sankarar mama, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997, a lokacin da ko ambaton cutar a bainar jama'a abin kunya ne. Daga baya matasa suka kafa Project PINK BLUE a Abuja. A Arewa kuwa, likitoci mata biyu da suka zama matan gwamnoni a 2015 ne suka fi jan ragamar. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta Kebbi, likitar yara, ita ce mai gidauniyar Medicaid da ke shirya tattaki duk Oktoba a Abuja don tara wa majinyata kuɗin magani. A 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, UICC, kuma ita ce ta farko daga Afirka.

Ta biyun surukar Kontagora ce. Dakta Amina Abubakar Bello, likitar mata da haihuwa, 'yar Janar Abdulsalami Abubakar, matar Abubakar Sani Bello ce, ɗan Kontagora da ya mulki Jihar Neja daga 2015 zuwa 2023. Ta kafa gidauniyar RAiSE, wadda ta buɗe cibiyar gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa a Minna, ta kuma taɓa shugabantar ƙungiyar matan gwamnoni masu yaƙi da ciwon daji. A Kontagora an fi sanin gidauniyar da aikin yoyon fitsari a babban asibitin garin, inda ake yi wa mata tiyata kyauta. Wannan aiki ya nuna wa mutanen masarautar cewa matar da ta shekara tana ɓuya za ta fito, in dai an tabbatar mata akwai magani kuma ba za a tambaye ta kuɗi ba.

Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse jikan Shehu Usmanu ya kafa a ƙarni na 19, cibiya ce ta manoma da 'yan kasuwa daga Mariga, Magama, Rijau, Mashegu da Wushishi. A ƙauyukan waɗannan yankuna, matar da ta ji kullutu a mama takan fara da jiƙo da shafe-shafe. Akwai tsohuwar magana cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, wato da zarar likita ya taɓa shi sai ya bazu. Akwai kuma tsoron a cire mama, miji ya juya baya ko ya ƙaro kishiya. Kafin a yanke shawarar zuwa asibiti, sau da yawa ciwon ya fashe. Idan ta rasu bayan tiyata, sai maƙwabta su ce ai ga shi nan an faɗa, alhali jinkirin ne ya yi kisan.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya sun nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu sankarar mama fiye da 32,000 a Najeriya, fiye da 16,000 kuma suka mutu. Babu wani ciwon daji da ya kai shi yawa a ƙasar. Abin da masu gangami ke nanatawa kaɗan ne: mace ta riƙa duba kanta duk wata bayan al'ada, ta lura da kullutu, ko jini daga kan mama, ko sauyin fata, ko kumburi a hammata. Yawancin kullutun ba daji ba ne, amma gwaji kaɗai ke bambancewa.

Tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa ya fi wannan ɗaci. Dokar da Turawa suka kafa a 1916, aka sabunta a 1958, ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin wanda za a tsare. Duk da haka, a Najeriya ne Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, har duniya ta zo koyo. Tsohuwar dokar ba ta kau ba sai a Janairun 2023, lokacin da aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwa. Kafin nan, a Satumbar 2019, 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Ƙungiyoyi irin su MANI da She Writes Woman ta Hauwa Ojeifo, dukansu na 2016, suna cikin waɗanda suka matsa lamba a sauya dokar.

Yankin Kontagora da maƙwabtansa suna da nasu dalilin damuwa. A 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai a Kagara, suka kuma kwashe yara fiye da ɗari daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, waɗanda suka yi kusan wata uku a daji. Iyaye da 'yan gari ne suka yi karo-karo, wasu suka sayar da abin hannunsu. Yawancin yaran sun dawo, amma firgita da rashin barci da ke biyo bayan irin wannan ba a cika kai su asibiti ba; an fi kai su wurin ruƙiyya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su kai 300 ba, kuma manyan asibitocin tarayya da suka daɗe suna wannan aiki a Arewa maso Yamma suna Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato.

Nisa ne kuma ke gaban mai sankarar mama. Gwaji a Minna mataki ne na farko. Gashi da na'ura sai an je wurare irin su Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, da kuɗin mota da masauki da mai jinya. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza (prostate) a asibitoci shida, ciki har da na Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Kuɗin magani asusun yake biya. Kuɗin hanya daga Rijau ko Mariga har yanzu daga adashin mata, da gudummawar dangi, da sanarwar bayan sallar Juma'a yake fitowa.