Askar Baduku, Daga Kano Zuwa Kasuwar Waƙif

Samarinmu da su ka je Ƙatar kallon ƙwallo a 2022, da waɗanda ke aiki a can, duk sun ba mu labarin wata kasuwa a Doha, Suƙ Waƙif, watau kasuwar tsaye. Asalin sunan, Larabawan daji ne ke kawo dabbobi da ulu bakin wani kwari mai suna Mushairib, su yi ciniki a tsaye. Da arzikin mai ya zo sai ta fara mutuwa, gobara kuma ta ci wani sashe nata a 2003. Sarkinsu na lokacin, Hamad ɗan Khalifa, ya sa aka mayar da ita gini irin na da, da yaɓe da rufin itace kamar azara.

Abin da ya sa na ɗauko maganarta shi ne layin masu shaho. Can a ke sayar da wata 'yar hular fata, burƙa, wadda a ke rufe wa tsuntsun ido da ita don ya natsu. Duk baduku ya san abu ƙarami irin wannan ba ya ɗinkuwa sai an fere bakin fatar, in ba haka ba ɗinkin ya yi tudu ya dami tsuntsu. To, wannan fira ita ce aikin da kakanninmu dukawa su ka gwanance a kai.

Ku sani, samari, tsaga daban, fira daban. Tsaga shi ne a raba kaurin fata biyu, ta sama da ta ƙasa. Fira kuwa baki kaɗai a ke ragewa, kamar inda bel ke lanƙwasawa ya rungumi ƙarfensa. Baduku ya kan kifa fatar a kan dutse mai santsi ko allo, wajen nama a sama, ya ɗan yayyafa ruwa. Askarsa gefe ɗaya a ke wasa ta, ya goga ta a tsohuwar fata har ta iya aske gashin hannu. Sai ya kwantar da ita ƙwarai, ya tura gaba a hankali, yana ɗebo fatar siri-siri, har kaurin ya ragu da kamar rabi. In ya ɗaga askar kaɗan ta huda, aiki ya ɓaci. In ya yi ƙyuya ya bar kauri, lanƙwasar ta yi tauri ta tsage. Sa'an nan basilla da zare, kāna a jiƙa bakin a murje shi da itace har ya yi sheƙi.

Da irin wannan aska aka yi takalma da jakunkunan da Baturen nan Barth ya tarar a Kano a 1851, ana kai su har Arewacin Afirka. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa su rina da karan dafi, ita Turawa su ka riƙa kira fatar Maroko. Fatake masu zuwa Salaga sayen goro su ka kawo sana'ar Gwanja da Kumasi, inda dukawan zango su ka riƙa ɗinke layun da sarakunan Asante ke jerawa a rigar yaƙi. Dattawa sun fi ni sanin wannan.

Inji ya shigo daga baya. A 1808 wani Ba'amurke, Samuel Parker, ya yi rajistar injin tsaga fata, a farkon ƙarni na 20 kuma masana'antar Fortuna ta Jamus ta fito da injin fira mai wuƙa kamar ƙararrawa. Ba na zargin inji, yana sauri, yana kuma daidaita kauri fiye da hannu. Amma shi ya buɗe ƙofar ha'inci: tsagin ƙasa ba shi da fuska, sai a shafa masa roba da fenti a sayar da sunan kirgi. Saboda haka, ko a Doha ko a kasuwar Kumasi, in za ka sayi bel lanƙwasa shi ka duba bakinsa. In ka ga falle-falle manne da juna, ko fentin ya yi tsatsage, ajiye musu kayansu.