Bindiga a Aljihu, Kati a Hannun Tsohon Maigida: Tarihin Dokar LEOSA a Amurka

Ranar 22 ga Yulin 2004, shugaban Amurka George W. Bush ya sa hannu a kan wata doka da 'yan sandan ƙasar suka shafe shekara goma sha biyu suna nema. Sunanta a taƙaice LEOSA, wato dokar kare lafiyar jami'an tabbatar da doka, ko da yake har gobe tsofaffin 'yan sanda sun fi kiranta da lambar ƙudirinta, H.R. 218. Abin da ta tanada shi ne, ɗan sandan da ya cika wasu sharuɗɗa, yana bakin aiki ko ya yi ritaya, yana iya ɗaukar bindiga a ɓoye a jikinsa ya shiga kowace jiha, ko da dokar wannan jihar ta hana sauran jama'a yin haka. A takarda magana ta ƙare ke nan. A aikace kuwa, an kwashe shekara ashirin ana ja-in-ja a kan wani ɗan ƙaramin abu da dokar ta bari a hannun wasu, wato katin shaida.

Mai karatu da ya saba da tsarin Najeriya, inda rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal kuma sha'anin makamai yana hannun gwamnatin tarayya, zai yi mamakin yadda aka buƙaci irin wannan doka. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000: na jihohi, na gundumomi, na birane, har da na jami'o'i. Kowace jiha kuma ita ke tsara wa kanta ƙa'idar yawo da makami. Tun 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka haramta ɗaukar makami a ɓoye, domin mutanen wancan zamani suna ganin mai ɓoye wuƙa ko bindiga a cikin riga bai zo da alheri ba. A 1911 jihar New York ta kafa dokar Sullivan, wadda ta wajabta lasisi, ta kuma bar wa hukuma ikon ba wanda ta ga dama. Daga baya iska ta juya: a 1987 Fulorida ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisi, jihohi da dama suka bi sahu. Sakamakon haka, abin da yake halal a wannan gaɓar kogi sai ya zama babban laifi a waccan. Ikon ɗan sanda kuma yana ƙarewa ne a iyakar jiharsa, wanda ya yi ritaya kuwa ya koma farar hula tun ranar da ya miƙa kaki.

Hujjar ƙungiyoyin 'yan sanda, musamman babbarsu Fraternal Order of Police, iri biyu ce. Ta farko, wanda ya shekara talatin yana tura mutane gidan yari ba ya rasa maƙiya, kuma mai riƙo a zuci bai san ritaya ba. Ta biyu, horon da aka ba jami'i yana nan tare da shi, zai iya amfanar jama'a idan wani abu ya faru a gabansa. Ɗan majalisar wakilai daga Kalifoniya, Randy Cunningham, tsohon matuƙin jirgin yaƙi a Biyetnam, shi ya fara gabatar da ƙudirin a 1992, ya yi ta maimaita shi zango bayan zango. (Shekara guda bayan burinsa ya cika, ya amsa laifin karɓar cin hanci, ya sauka daga kujerarsa, ya tafi kurkuku, wannan wani labari ne daban.) Harin 11 ga Satumban 2001 ya ƙara wa hujja ta biyu nauyi a kunnen 'yan majalisa.

Abin lura shi ne waɗanda suka ƙi ƙudirin. Ban da 'yan siyasa irin su Sanata Edward Kennedy, ƙungiyar shugabannin 'yan sanda da ta magadan gari sun tsaya a kan cewa ba su yarda ba. Tsoronsu a fili yake: horon harbi ya bambanta daga wannan hukuma zuwa waccan, kuma idan tsohon jami'i ya harbi wani a wata jiha mai nisa, wa za a kai ƙara? Wato ƙananan jami'ai suna so, iyayen gidansu ba sa so. Wannan rabuwar kai ita ce ta biyo dokar har bayan an kafa ta, domin hannun iyayen gidan nan aka damƙa wa mabuɗin.

Ga yadda abin yake. Mai ritaya ba ya samun kariyar dokar sai yana ɗauke da abu biyu. Na farko katin shaida mai hoto daga hukumar da ya yi wa aiki. Na biyu shaidar cewa cikin wata goma sha biyu da suka wuce ya ci gwajin harbi irin wanda ake yi wa jami'an da ke bakin aiki, kuma shi zai biya kuɗin gwajin daga aljihunsa. Ban da haka, sai ya kasance ya bar aiki da mutunci, yana da ikon kama mai laifi lokacin da yake aiki, ba a same shi da matsalar ƙwaƙwalwa da ta hana shi riƙe makami ba, kuma ba ya cikin maye. Da farko an ce sai ya yi shekara goma sha biyar yana aiki. Gyaran da Barack Obama ya sa wa hannu a Oktoban 2010 ya rage zuwa goma, ya kuma yarda ƙwararren malamin harbi da jiha ta amince da shi ya gudanar da gwajin, saboda tsofaffin jami'ai da yawa sun ƙaura daga garuruwan da suka yi aiki. A farkon 2013 aka shigar da 'yan sandan soja.

Sai dai babu inda dokar ta ce wajibi ne hukuma ta bayar da katin. Ba mantuwa aka yi ba. A 1997, cikin shari'ar Printz, kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta wa jami'an jihohi su aiwatar mata da shirinta. Saboda haka majalisa tana iya cewa mai kati ya wuce, amma tilasta wa shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari ya buga katin ya fi ƙarfinta.

Kotuna ma ba su yi baki ɗaya ba. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton ta ba wasu tsofaffin gandirobobi damar kai ƙarar hukumar da ta ƙi tabbatar da matsayinsu. A 2019 takwararta mai kula da Fulorida ta yi watsi da ƙarar wata tsohuwar 'yar sandan garin Neptune Beach da aka hana kati, ta ce dokar ba ta ɗora wa garin wani nauyi ba. A 2020 wata kotun, a shari'ar da ta taso daga Maryland, ta bi wannan ra'ayi na biyu. Ma'ana, mutum biyu da suka yi aiki iri ɗaya na tsawon shekaru iri ɗaya, ɗaya yana da haƙƙin ɗaya ba shi da shi, gwargwadon halin tsohon maigidansa. A ganina nan ne raunin dokar yake, kuma yana cutar da ɓangarorin biyu: jami'in kirki na iya rasa kati saboda saɓani da shugabansa, wanda bai cancanta ba kuma na iya samu daga hukuma mai sakaci, ya zaga ƙasa da shi.

New Jersey ce ta fi daɗewa tana turjiya. Ta ce tsohon jami'in da ke zaune a cikinta sai ya nemi lasisinta, ya yi gwaji sau biyu a shekara, kada ya wuce shekara 75, kuma kada ya ɗauki harsashi mai rami a baki, irin wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki. Ƙungiyoyin jami'ai suka kai ƙara, suka yi nasara a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Fabrairun 2024 cewa wanda ya riga ya mallaki takardun LEOSA, dokar tarayya ta rinjayi ta jiha a kansa.

Ko mai kati a hannu yana da inda zai tsaya. Mai shago ko mai gida yana iya hana shiga da makami idan dokar jiha ta ba shi dama. Jiha tana iya hanawa a gine-ginenta da wuraren shaƙatawarta. Dokar ba ta shafi bindiga mai sarrafa kanta ba, ko na'urar rage ƙarar harbi, ba ta kuma buɗe ƙofar jirgin sama ba. Dokar tarayya ta 1990 mai hana bindiga kusa da makarantu tana nan a kansa, haka ma jihohin da suka ƙayyade yawan harsasan da gidan harsashi zai ɗauka.

A halin da ake ciki, ƙasar ta sauya a ƙarƙashin dokar. Fiye da rabin jihohi yanzu ba sa neman lasisi daga kowa, kuma hukuncin Bruen na Yunin 2022 ya rushe sharaɗin New York na cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman. Gatan da ya bambanta tsohon ɗan sanda da maƙwabcinsa a 2004 ya rage tasiri a yawancin ƙasar, ya taƙaita ga jihohi masu tsauri irin su New York, New Jersey, Kalifoniya da Hawai, waɗanda ba sa karɓar lasisin wasu jihohi. A Mayun 2024 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin gyara da zai buɗe wa masu katin harabar makarantu da wasu wuraren taruwar jama'a, ya kuma ɗage musu ƙa'idar gidan harsashi. Zangon majalisar ya ƙare majalisar dattawa ba ta amince da shi ba.