YADDA KUKAN KUDANCIN ZARIYA YA SHIGA KUNDIN TSARIN MULKI

Jama'a, duk wanda yake tinƙaho da babi na 4 na kundin 1999, wanda ya ba shi 'yancin addini da faɗin albarkacin baki, ya kamata ya san daga ina babin ya faro.

A shekarun 1950 ƙasar Kauru, kamar Lere da Kajuru da Zangon Katab, tana ƙarƙashin En'e ta Zazzau. Kurama, Gure, Kahugu, Chawai da maƙwabtansu irin su Atyap da Bajju hakimi suke bi, haraji Zariya yake tafiya, shari'a kuma sau da yawa gaban alƙali. Da aka fara jin ƙanshin 'yancin kai, tambayar da ke bakin mutane ita ce: in Bature ya tafi, wa zai riƙe mu? A 1955 aka kafa jam'iyyar UMBC, buƙatarta a fili take: a yanke wa ƙananan ƙabilu jiharsu daga Jihar Arewa.

Bayan taron tsarin mulki na Landan na 1957 sai Ingila ta naɗa kwamitin Sir Henry Willink ya saurari wannan fargaba a faɗin ƙasa. Rahotonsa ya fito a 1958. Jiha dai ya ce babu. Abin da ya bayar a madadinta shi ne a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin kundi, aka kuwa ɗauko tsarinsu daga yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta 1950. Haka suka zama babi na 3 a kundin 1960. ('Yan jam'iyyar NEPU da ke shan ɗauri a kotunan alƙalai su ma sun daɗe suna neman wannan.)

A ganina an ba mutane takarda ne a lokacin da suke neman iko. Amma takardar ba ta banza ba ce. Soja sun sha jingine ta, duk da haka ta dawo a 1979, ta sake dawowa a 1999, kuma yau sashe na 38 shi ne ke kare mai coci da mai masallaci a Kauru daidai wa daida.

Batun iko kuwa ya jima yana jira. Jihohi 12 na Gowon a 1967 sun bar yankin tare da Zariya da Katsina. Sai da aka ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Katab na 1992 kafin Atyap da Bajju su samu sarakunansu a 1995, wasu ƙabilun kuma sai zamanin Gwamna Ahmed Makarfi.